Sawu a Cikin Hula

Hula ba ta ƙarya. Mutum yana iya sayen kaki a gwanjo, ya ari takalmi, ya koyi tafiyar soja a gaban madubi, amma da zarar ya ɗora hular soja a kansa asirinsa ya tonu, domin kowace hula kai ɗaya ta sani, kuma ba ta shaidar zur. Wannan shi ne ra'ayin Ciyaman na ƙungiyar tsofaffin sojoji, mutumin da ya yi dukkan yaƙinsa a sito tsakanin barguna. Da yake kuwa shi ne Ciyaman, ra'ayin ya zama doka. Ba mai shiga zauren ƙungiya sai da hular da ya yi aiki da ita, jar hular ulun nan marar baki wadda ake karyawa zuwa kunnen dama. Hular kasuwa ba ta tsallake ƙofa. Wanda tasa ta ɓata, shi ma ya ɓata.

A tsakiyar zauren akwai akwatin gilashi, a cikinsa hular marigayi Kwamanda, da hudar harsashi a gefenta. Kowa ya san labarin: harsashi ya ratsa hular a kan gada, Kwamanda ko ƙiftawa bai yi ba. Duk wanda ya shigo sai ya ƙame ya sara mata kafin ya nemi kujera. An ma shirya miƙa ta ga gidan tarihi a ƙarshen mako, da ganguna da jawabai.

Matar marigayin ce ta ɓata shirin. Ta zo goge ƙura kamar yadda ta saba, ta ɗaga hular, ta shinshina, ta ajiye.

"Wannan ba ita ba ce," ta ce. "Wannan warin shago take yi."

Aka duba, aka ga gaskiya. Ja ce, da bajonta, da hudarta, amma sabuwa ce. Ba wanda ya san tun yaushe Ciyaman yake sara wa hular kasuwa, ba kuma wanda ya ga amfanin tambayarsa.

Sai aka aika a kira Sawu.

Sunan ya samo shi ne a daji. A zamanin aiki shi ke gaban bataliya, kansa a sunkuye, yana karanta ƙasa. Yakan dubi ciyawar da ta kwanta ya ce mutum ya bi nan ɗauke da kaya, kuma ƙafarsa ta hagu tana ciwo. Yanzu gari ya cika da siminti, ba wanda ke barin sawu, ba kuma wanda ke neman mai binsa. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa suna kiran waya idan sun tuna, su tambayi lafiyarsa da muryar mai jiran a ce lafiya lau. A ɗakinsa akwai gado, da butar shayi, da ƙusa guda a bango inda hularsa ke rataye. Idan ka cire zauren ƙungiya daga makonsa, abin da zai rage sai bango huɗu da kukan fanka.

Ya iske zauren cike da tsofaffi, kowa ya zagaya akwatin, ya taka, ya sake takawa.

"Ga fili nan," in ji Ciyaman. "Karanta mana."

Sawu ya dubi daɓen. "Ranka ya daɗe, na karanta. Bataliya guda ta yi fareti a nan da safen nan."

"Bar wasa, Kofur. Mu mun riga mun san ɓarawon. Tela ne. Shi kaɗai ke sayar da jar hula a layin nan, shi ne kuma farar hula ɗaya tilo da ke shigowa nan kawo ɗinki. Aikinka ka samo inda ya ɓoye ta. Idan ranar taronmu ta zo, ana gobe miƙa ta, ba hula, 'yan sanda za su tambaye shi da yarensu, shagon kuma da muka ba shi a bakin ƙofa mu karɓe."

"Makullin akwatin fa, a hannun wa yake?"

Ciyaman ya rage murya. "Wannan sirrin shugabanci ne."

"Yana bayan hoton Kwamanda," wani tsoho ya faɗa daga baya. Sauran suka gyaɗa kai.

Sawu ya nemi a ba shi hular bogin. Ya naɗe ta a jarida ya saƙala a hammata.

Shagon Tela bai fi faɗin tabarma biyu ba. Huluna a jere a kan igiya, ja da kore da baƙi da shuɗi, na 'yan makaranta masu fareti, na masu gadin banki, na makaɗan biki, har da masu laushi irin waɗanda 'yan mata ke ɗorawa a kan ɗankwali don hoto. Telan kansa yana zaune a bayan keke, bai ɗinka komai ba tun safe.

"Baba Sawu, ni da ko kaza ban taɓa sata ba. Me zan yi da tsohuwar hula mai huda? Ga sababbi nan ba a saya ba."

"Wannan daga wajenka ta fito?"

Tela ya juya ta, ya duba ɗinkin fatar bakinta. "Daga nan ta fito. Amma ba haka na sayar da ita ba. Nawa a buɗe suke kamar faifai, ga gashi buzu-buzu. Wannan an yi mata aiki."

Sawu ya riga ya gani. Sabuwar hula ba ta sawuwa. Sai an yanke shafin cikinta, an tsoma ta a ruwa, an ɗora a kai tana jiƙe, an ja gefen dama ƙasa, an danna, an shafa, a zauna da ita a kai har ta bushe. Sannan a bi ta da reza a aske gashin ulun, a ɗaure igiyar baya a tura bakinta ciki. Wanda ya yi wa wannan hular haka ya taɓa tsayawa a layi da asuba ana duba shi.

"Wa ya sayi ja a 'yan kwanakin nan?"

"Wata mata. Ta rufe rabin fuska da mayafi, ba ta ko yi ciniki ba. Na ce a raina, wannan ko dai mijinta mai gadi ne, ko tana tsoron a gan ta."

Mace. Sawu ya tuna cewa matar Kwamanda ta taɓa neman a maido mata da hular, Ciyaman ya amsa mata da jawabi a kan tarihi.

Ya same ta a tsakar gida tana tsinke zaren wani tsohon labule. Ta sa aka kawo masa kujera da ruwa, ta saurare shi har ya gama kewaye-kewayensa.

"Kofur, ka tsufa amma ba ka iya zagaye ba. Ka zo ka tambaye ni ko ni na sace. In da ni ce, zan tona wa kaina asiri a gaban mutane?"

"An taɓa yi, Hajiya."

"To ba ni ba ce. Na nemi hular ne don a daina taruwa a kanta, ba don ina sonta ba. Shi kansa mai ita ba ya sonta. A ƙasan akwati ya bar ta har ya rasu." Ta ja zare ta cije. "Ka tuna kan maigidana?"

Sawu ya tuna. Sojoji suna cewa idan Kwamanda ya tsaya, mutum biyu na iya shan inuwa.

"Sau ɗaya na ga ya gwada ta, ranar da masu ɗaukar hoto suka zo. Ta zauna masa kamar murfin ƙaramar tukunya a kan babba. Na ce masa, 'Wannan ta wa ce?' Ya ce ruwa ne ya sa ta ƙanƙance. Ban sake tambaya ba. Ka san aure."

Ya koma ɗakinsa da rana tsaka, ya haɗa shayi, ya manta da shi. Ya baza hular bogin a kan gado yana dubanta kamar yadda yake duban ƙasa a da. Hudar da ƙusa mai zafi aka yi ta, gefenta har yanzu yana warin ƙuna. Sai dai ɓarawon da ke kwaikwayo yakan kuskure wuri, ko da faɗin yatsa. Wannan hudar tana daidai inda ta asalin take, sama da kunnen dama, kamar mai yin ta bai buƙaci awo ba.

Ya zura hannu cikin hular, ya rufe ido. Ƙafa ba ita kaɗai ke barin sawu ba. Ulu ya jiƙe a kan kai, ya bushe a kan kai, dole ya riƙe abin da ya tarar. Kai ne ƙarami, mai tsawo ta ƙeya. Yatsunsa suka bi gefen dama, suka zo ƙarƙashin hudar, suka tsaya. A nan ulun ya lotsa ciki, wani ɗan gurbi mai tsawon babban yatsa, inda mai gyaran ya riƙa dannawa yana bin siffar ƙashinsa ba tare da ya sani ba.

Sawu ya san wannan gurbin. Duk mako rezarsa tana rage gudu idan ta zo wajen.

Bigila shi ne mai busa ƙahon bataliya, shi ne kuma mutum ɗaya da ya rage a duniya da ke kiran Sawu don kawai ya kira shi. Tun da masu aski suka riƙa yanka shi a tabon kansa, Sawu ne ke masa aski, a kan benci, a bayan gidan da yake haya. Ya ce tabon na faɗuwa ne daga mota. Ba ya cire hula a gaban kowa, don haka ba wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.

Sawu ya iske ƙofar a buɗe, an ɗaure katifa, an tara tukwane a buhu. 'Yar Bigila tana tsugune tana cusa kaya a jaka, mayafinta a wuya.

"Baba Sawu, sannu da zuwa. Bai gaya maka ba ko? Na ce ya gaya maka." Ta miƙe tana share hannu. "Tafiya zan yi da shi wajena. Ya fara barin wuta a kunne, shekaranjiya a kasuwa aka tsince shi bai san hanyar gida ba. Ba zan iya barinsa shi kaɗai ba."

"Yaushe?"

"Washegarin taronku."

Bigila yana kan bencin bayan gida, ya riga ya cire hula, ya yafa tawul a kafaɗa.

"Ka makara, makahon daji. Kai ya yi gashi har ana neman haya a ciki."

Sawu ya shafa sabulu, ya fara daga ƙeya kamar kullum. Rezar ta zo sama da kunnen dama, ta rage gudu. Ya ɗora babban yatsansa a gurbin, ya bar shi a nan.

"Wannan motar da ka faɗo daga kanta," ya ce, "a kan gada take?"

Bigila ya gyara tawul a kafaɗarsa.

"Ashe har yanzu kana gani."

"Da yatsa nake gani yanzu."

"Harsashin ni ya kayar, na farfaɗo a asibiti ba hula. Aka ba ni wata daga sito, Ciyaman ɗin nan naku da hannunsa ya ba ni, har ya yi mini faɗan sakaci. Da na koma sai na tarar tawa ta yi suna. Kwamanda ya tsince ta a kan gada, masu hoto suka iso, shi ke nan. Wa zan gaya wa? Ni mai busa ƙaho?" Ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Shekara da shekaru ina ƙamewa ina sara wa hulata, mutumina. Kai ma ka sara mata."

"To me ya sa sai yanzu?"

"Za su kai ta gidan tarihi. Ni kuma yarinyar nan za ta kai ni nawa gidan tarihin. Abubuwa suna zubewa daga kaina, Sawu. Jiya na nemi sunan uwar yaran nan na rasa. Amma idan na sa waccan hular, sai hudar ta zauna a kan tabon, sai in tuna ko ni wane ne." Ya nuna ɗaki da haɓa. "Tana cikin matashin kai. In ka ce in kawo, zan kawo."

"Tela za su kai wa 'yan sanda."

"Tela?" Bigila ya juyo da sabulu a rabin kai. "Me Tela ya yi?"

An faɗa a gabansa da safe. Yana zaune a layin farko a lokacin, ga shi har ya manta.

"Juya kanka," in ji Sawu. "Ban gama ba."

Da ya koma ɗaki ya ciro hularsa daga ƙusa. Rana ɗaya aka raba musu hulunan shi da Bigila, daga buhu ɗaya, rana ɗaya ta koɗar da su. Kansa ma bai fi na Bigila girma ba. A fatar bakin hular akwai wani ɗinki da baƙin zare, ƙanana a jere, inda matarsa ta taɓa kama masa wurin da ya yage. Ta ƙi amfani da jan zare, ta ce so take ya riƙa gani yana tunawa wa ya yi masa. Ya zauna a bakin gado da allura yana warware shi, ɗaya bayan ɗaya. Zaren ya naɗe a yatsa, ya rasa inda zai ajiye shi, ya sa a aljihun gaba.

Sauran aikin, na mayar da hularsa kamar wadda ta ɓata, ba wuya. Wanda ya iya karanta sawu ya iya shimfiɗa na ƙarya. Ƙusa, da toka, da ruwan shayi mai kauri, da ɗan tsatsa, da dutse don lallasa gefen hudar har ta tsufa.

Ranar taro ya shiga zauren da hular bogin a kansa da ƙunshin jarida a hannu. An zaunar da Tela a kan benci a gaba, matar Kwamanda a gefe, tsofaffi a jere. Bigila yana layin farko yana kallon fanka.

"Mene ne wannan a kanka, Kofur?" in ji Ciyaman.

"Dabarar aiki ce, ranka ya daɗe. Sai ka sa kanka inda ɓarawo ya sa nasa, sannan ka san inda ya nufa."

Ciyaman ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a. "Kun ji ilimi."

Sawu ya cire ta, ya ɗaga sama. "Tela ne ya sayar da wannan, kamar yadda yake sayar wa kowa. Amma ba shi ya gyara ta ba. An yanke shafi, an jiƙa, an busar a kai, an aske, an tura igiya ciki. Tela, zo ka ɗaure mana igiyar nan."

Tela ya zo, ya yi mata ɗaurin kunnen zomo irin na takalmin yara. Zauren ya kwashe da dariya.

"Hajiya kuwa ita ta tona satar. Saboda haka wanda ya ɗauki hular soja ne."

Dariyar ta mutu. Kowane tsoho ya dubi na kusa da shi, sannan ya dubi takalminsa.

"Soja," in ji Ciyaman a hankali. "Ba dai na zauren nan ba. Na wata bataliya. Irin masu hassada."

"Yadda ka ce, ranka ya daɗe. Mutum ne da ba za a sake ganinsa a garin nan ba."

"Hular fa?"

Sawu ya warware jaridar. "A bayan tankin ruwa sawun ya ƙare."

Ciyaman ya sa tabarau. Ya ɗaga hular wajen haske, ya leƙa ta hudar, ya shinshina, ya shafa bajon. Sannan ya ƙame.

"Ita ce. Ko a duhu zan gane ta. Ku dubi yadda ta riƙe girman mutumin. Na sha gaya muku, hula ba ta ƙarya."

Aka miƙa wa matar Kwamanda don ta tabbatar. Ta juya ta, babban yatsanta ya bi fatar bakin, ya tsaya a kan ƙananan ramukan allura da ba zare a cikinsu. Ta ɗago ta dubi kan Sawu, furfura ce kawai a kai.

"Ita ce," ta ce.

Aka ƙona hular bogin a bakin ƙofa bisa umarnin Ciyaman. Aka ce Tela ya koma shagonsa, ba wanda ya ga dalilin ba shi haƙuri tunda ba a kai ga dukansa ba.

Washegari da safe Sawu ya raka Bigila tasha. Tsohon yana rungume da matashin kai, 'yarsa ta yi ta fama ya sa a jaka ya ƙi. Da mota ta fara motsi ya leƙo ta taga.

"Kai, wa zai riƙa yi mini aski?"

"Ka ce su bi a hankali ta dama," in ji Sawu.

Daga tasha ya wuce zauren, inda motar gidan tarihi ta riga ta tsaya, makaɗa suna gwada ganguna. Ciyaman yana bakin ƙofa da sandarsa yana duba masu shiga.

"Kofur, ina hularka?"

"Ta ɓata, ranka ya daɗe."

"Mai bin sawu ya ɓatar da hularsa?" Ya girgiza kai, da gaske abin ya ba shi tausayi. "Ka yi mana aiki, ba za mu manta ba. Amma ka san doka. Idan na karya maka, gobe kowa zai shigo da ta kasuwa."

"Na sani."

"Ka bi sawunta. In ka samo, kujerarka tana nan."

Sawu ya matsa gefe ya zauna a bencin Tela. Telan ya dube shi, ya dubi jajayen hulunan da ke kan igiya, ya ci gaba da taka keke.

Can aka fito da akwatin gilashin, mutum huɗu suna ɗauke da shi. Tsofaffi suka jeru, suka ƙame, hannaye suka tashi gaba ɗaya. Sawu ma ya miƙe ya haɗe ƙafafu. Hannunsa ya ɗan taso, sai ya tuna cewa soja ba ya sarawa da kai a buɗe, ya mayar da shi. Ya tsaya haka, rana tana dukan ƙoƙon kansa, har motar ta sha kwana. Da aka koma ciki don jawabai aka rufe ƙofa, ya taɓa aljihun gaba ya ji zaren yana nan, ya kama hanyar ɗaki.